Fayil Mai Suna Saura

Ranar Talata da hantsi aka dawo wa Kar-a-Taɓa da fakitinta. Shekara tara tana wannan aiki ba a taɓa dawo mata da komai ba, don haka sai da ta karanta saƙon sau biyu, ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta sake karantawa, kamar laifin na tabaran ne.

Saƙon daga Mai Ƙofa yake, mutumin da ke duba duk abin da za a shigar rumbun manhajojinsu kafin ya wuce. Bai tsaya gaisuwa ba, dama ba ya yi. "Ƙunshin da kika turo bai dace da wanda ke shafin mai shi ba. Suna ɗaya, lamba daban. Ranar Juma'a ƙarfe biyu ake rufe ƙofa. In ba a warware ba, manhajar ba ta cikin fitowar bana."

Aikin nasu ba wani abin ɓoye ba ne. Mutum zai zauna can inda yake ya rubuta manhaja, ya tattara fayilolinta ya ɗaure wuri guda, ya ɗora a shafinsa. Wannan shi ne ƙunshin tushe. Sai 'yan sa-kai irin su Kar-a-Taɓa su ɗauko shi, su shirya shi yadda zai zauna lafiya da dubban 'yan'uwansa a rumbu ɗaya, jama'a su riƙa saukewa ba tare da ciwon kai ba. Wannan da suka shirya shi ake kira fakiti. Dokar farko ita ce ba a taɓa komai a cikin ƙunshin tushe. In akwai gyara, a rubuta shi daban a ajiye a gefe, shi ake kira faci. Kuma kowane ƙunshi yana da wata doguwar lamba da kwamfuta ke fitarwa daga abin da ke cikinsa. Ko waƙafi ɗaya aka ƙara, lambar ta sauya gaba ɗaya. Saboda haka in aka ce wa mai fakiti lambarsa ta bambanta da ta tushe, a fakaice ana tambayarsa ne ko ya yi taɓe-taɓe.

Ita kuwa da wannan doka ta samu sunanta. Sabon shiga duk da ya zo da zumuɗin gyara wa mai tushe kuskuren rubutu a cikin ƙunshi, amsarta ɗaya ce, kar a taɓa, har abokan aikin suka daina kiran ta da sunan yanka. Ba ta damu ba. A ganinta ma ba su yi ƙarya ba.

Manhajar da ake magana ƙarama ce, ba mai suna ba. Ita ce ke buga 'yar takardar nan da ake liƙa wa kwalbar magani, mai faɗin nawa za a sha, sau nawa a rana. Ƙananan shagunan magani ne ke amfani da ita, waɗanda kwamfutarsu ta tsufa kuma firintarsu ke tari kafin ta buga. Wani tsohon mai haɗa magani ne ya rubuta ta bayan ya yi ritaya, shi kaɗai. Kar-a-Taɓa ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, ba ta san muryarsa ba. Tsoho kawai take ce masa, kuma ba da ƙauna take faɗa ba.

Rigimarsu a kan ɗigo take. Shekara bakwai da suka wuce ta lura cewa a firinta mai arha ɗigon da ke tsakanin biyu da biyar yakan fito siriri har ya ɓace, biyu da rabi ya koma ashirin da biyar. Ta rubuta faci mai layi goma sha ɗaya da ke ƙara wa ɗigon kauri, ta tura masa ya shigar a tushe. Ya amsa da cewa manhajarsa lafiyarta ƙalau, masu shago su sayi firintar kirki. Ta sake turawa da hotuna. Ya ce ya gani. Tun daga nan duk fitowa sai ta ɗauki facinta ta daidaita shi da sabon ƙunshin, ta ajiye a gefe, kuma a samansa akwai layin da ta rubuta tun ranar farko: "An tura wa tushe: ya ƙi."

Mako biyar ke nan da Tsoho ya fitar da sabon ƙunshi. A ranar ta sauke shi, ta duba sa hannunsa na kwamfuta, irin wanda ba ya yiwuwa sai da makullin sirrin mai shi, ta ga daidai. A ciki ta tarar da wani baƙon fayil mai suna saura, layi ɗari shida da wani abu. Ta leƙa samansa, ta ga jerin ayyuka ne na shekara da shekaru da mutum ke rubuta wa kansa, ta rufe. Wani mai fakitin da cire shi zai yi ya sake ɗaurewa, ba wanda zai sani. Ita ta bar shi inda ta same shi, ta aika wa Tsoho layi ɗaya: "Ka bar shara a cikin ƙunshi." Bai amsa ba, kuma ba ta yi mamaki ba, don dama in ta yi gaskiya shiru yake yi. Daga nan aikin ofis ya sha mata kai, ba ta samu ta tura fakitin ba sai jiya Litinin.

Ofishin nata ɗakin kwamfutocin wani kamfanin sufuri ne, ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta, da fanka mai ƙara a kowane juyi na uku, da wayoyi a ƙasa da ta liƙa wa kowacce suna. Nan ta zauna lokacin hutun rana ta sauko da ƙunshin da ke shafin yanzu, ta jera shi da nata. Manhajar kanta ba abin da ya canja, ta bi ta layi-layi. Bambanci biyu ne. Fayil ɗin saura ya ɓace. Sannan a ƙarshen fayil ɗin sunayen marubuta an ƙara layi ɗaya: "Don tunawa da Baba, wanda ya yi wannan aiki shi kaɗai." Sa hannu kuwa babu.

Mai taushin zuciya da nan zai dafe ƙirji. Kar-a-Taɓa ta daɗe a harkar, ta ga ɓarayin shafi iri-iri, kuma ta san sukan fara da abin da ba ya cutarwa su ga ko ana kallo. Ta rubuta zuwa adireshin Tsoho: "An canja ƙunshi ba a canja suna ba, kuma babu sa hannu. Wane ne ke riƙe da wannan shafi? Ina buƙatar amsa kafin Juma'a." Ta karanta, ta ga ba kalmar da ta yi yawa, ta tura.

Da yamma ta iske mijinta a shagonsa da ke manne da gidan, yana farke ƙafar wani wando. Tela ne, mutum mai son zance, wanda ya daɗe da gano cewa matarsa ba ta ba da labari sai an ja ta kamar zare. Ya ja, ta ba shi a taƙaice.

"To ko dai mutumin rasuwa ya yi?" in ji shi.

"Babu sa hannu."

"Wanda ya rasu yana sa hannu ne?"

Ta harare shi. Ya ciji zaren ya tofar, ya ci gaba da aikinsa.

"Ni dai ban san aikinku ba," ya ce, "amma kin ce kayan ciki ɗaya ne. Ki ɗauki na shafin ki tura mana, lamba ta dace, Mai Ƙofa ya buɗe miki, kowa ya huta."

"In tura abin da ban san hannun da ya ɗaure shi ba, da sunana a kai? Yau layin tunawa ne. Gobe in mai hannun ya taɓa lissafin magani fa, na riga na koya masa cewa ina karɓa."

"To ki bari manhajar ta fita daga rumbun."

"Masu shagon su koma saukewa daga shafin kai tsaye, babu facina, ɗigo ya ɓace."

"Oho. Ashe dai ɗigon ne." Ya yi dariya. "Shekara bakwai ina jin labarin ɗigon nan. Ni da na yi faci ɗaya sau bakwai a wando ɗaya, ai da mai shi ya ji kunya ya sayi sabo."

Ba ta yi dariya ba, ta shige ciki. Maganarsa ta farko ce ta tsaya mata a rai, ta yi ta ture ta tana dawowa.

Laraba ta wuce ba amsa. Mai Ƙofa ya turo layi ɗaya yana tuna mata saura kwana biyu, kamar ita ba ta da kalanda. Sai ranar Alhamis da safe saƙo ya shigo daga adireshin Tsoho, amma ba da irin rubutunsa ba, don akwai gaisuwa a farko. Mai rubutun ta ce ita 'yarsa ce, ba ta gane tambayar ba sosai, ga lambar wayarta.

Kar-a-Taɓa ta jira hutun rana, ta fita bayan ofis inda matattakala ke sauka zuwa wurin ajiye motoci, ta zauna a hawa na uku ta kira.

Muryar mace ce matashiya, mai gajiya a ciki. Ta ce a gida Auta ake ce mata, ita ma Anti ta kira ta haka. Baba ya rasu wata guda ke nan, kwana shida bayan ya ɗora ƙunshin ƙarshe. Ya daɗe yana jinya, amma bai yarda a faɗa wa kowa a shafin ba.

"Allah ya jiƙansa," in ji Kar-a-Taɓa. Ta ji muryarta ta fito a bushe, kamar tana karanta sanarwa. Ta tuna layin da ta aika masa a kan shara, ta lissafa kwanakin, ta ga yana da rai lokacin da ya isa. Abin ya yi mata ciwo, kuma ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

"Amin, Anti. Ke ce mai fakiti ko? Yana yawan maganarki."

"Da alheri?"

Auta ta ɗan yi dariya. "Yana dai yawan maganarki."

Sannan ta ba ta labarin yadda aka yi. Baba ya bar takarda a ƙarƙashin allon rubutun kwamfutarsa, matakai tara na yadda ake fitar da ƙunshi, da rubutun hannunsa. Ita malamar jinya ce, ba ta san komai a harkar ba, amma ta iya bin umarni. Ta so sunansa ya fita da addu'a ko da layi ɗaya ne, sai ta ƙara layin, ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Na taran ne kawai ya gagara, wato sa hannu, don yana neman kalmar sirrin da Baba bai rubuta ko'ina ba. Ta ɗora sabon a kan tsohon, da suna ɗaya, don ta ɗauka haka ake yi.

"Ba haka ake yi ba," in ji Kar-a-Taɓa. "Suna ɗaya, abu ɗaya. Dole a mayar da na farkon shafin kafin gobe ƙarfe biyu."

"Kina nufin in cire layin Babana?"

"Ina nufin a mayar da abin da ya sa wa hannu."

"Anti, layi ɗaya ne fa. Ban taɓa maganin kowa ba. Shekara goma sha biyar yana zaune a gaban na'urar nan, ba wanda ya taɓa ce masa sannu, yanzu layi ɗaya ma ya zama laifi?"

Kar-a-Taɓa tana cikin waɗanda ba su ce sannun ba. Wata mota ta shigo wurin ajiya tana ja da baya, direban yana leƙowa ta taga. Ta jira ya kashe injin.

"Layinki ba zai ɓata ba," ta ce. "Zan sa shi a faci, a gefe, duk wanda ya sauke daga rumbunmu zai gan shi. Amma ƙunshin a bar shi yadda ya ɗaure."

"Ko na yarda ma ba ni da shi. Na ɗora a kansa, kuma na duba kwamfutar, babu wani."

"Ina da shi. Da sa hannunsa, da komai, har fayil ɗin sauran da ya manta a ciki."

"Wane saura?"

Nan Kar-a-Taɓa ta tambaye ta ko a cikin matakan akwai wanda ya yi maganar shara. Aka ji ƙarar takarda. Auta ta karanto na bakwai: a share shara kafin a ɗaure. Sai abin ya fito fili. Tsoho yakan kwashe fayil ɗinsa gefe kafin wannan mataki, ya mayar bayansa, abin da bai ga dalilin rubutawa a takarda ba tunda shi kaɗai ke yi. A fitowar ƙarshe, da jiki ya ƙi, ya tsallake matakin gaba ɗaya, fayil ɗin ya shige ƙunshi. 'Yarsa kuwa ba ta tsallake komai ba, ta bi umarni tsaf, umarnin ya share shi daga kwamfutar. Kar-a-Taɓa ta yi mata wannan bayani dalla-dalla, yadda take yi wa sabbin shiga.

"Me ya rubuta a ciki?" in ji Auta.

"Jerin ayyuka ne. Samansa kawai na duba."

"Mako biyar yana hannunki ba ki karanta ba?"

"Ba nawa ba ne."

"To nawa ne. Don Allah karanta min ƙarshensa."

Ta tashi ta koma ɗakin da wayar a kunne, ta zauna ƙarƙashin fankar, ta buɗe fayil ɗin ta gangara ƙasa. Layukan ƙarshe gajeru ne, da kurakuran rubutu da Tsoho bai saba yi ba. Ta fara karantawa da muryar aiki.

"A ƙara girman harafi saboda masu raunin ido. An yi. A tambayi likita ko za a iya rage na safe, yana sa ni barci. A rubuta wa Auta matakai, ta fi yayyenta haƙuri. An yi. A ce wa Auta ta daina kawo lemo, ya cika firji, amma kar ta ji haushi."

Auta ta yi wani sauti da ba dariya ba ne ba kuma kuka ba. "Bai faɗa min ba. Kullum sai ya ce na gode, ya sa a ajiye."

"Akwai saura ɗaya."

"Karanta."

Kar-a-Taɓa ta riga ta gani, idonta ya riga bakinta. Ta gyara tabarau, ta karanta a hankali.

"Ɗigon mai fakiti. Na buga a firintar asibiti, ya ɓace. Gaskiyarta ce. A shigar da facinta a fitowa ta gaba. Ba sai an gaya mata ba."

Babu "an yi" a gabansa. Fanka ta yi juyinta, ta yi ƙararta.

"Anti, kina ji na?"

"Ina ji."

"Ya ce fa kar a gaya miki."

"Ai ba a gaya min ba. Ni na karanta."

Wannan karon Auta ta yi dariya sosai, har da jan hanci, ita kuma Kar-a-Taɓa ta cire tabaran ta riƙe a hannu, don sun daina amfani. Ta yi baƙin ciki, baƙin ciki na gaske, a kan mutumin da ba ta san fuskarsa ba, kuma ta ji haushinsa daidai gwargwado.

A yammacin ta tura wa Auta ƙunshin da sa hannun, tare da matakai huɗu na yadda za ta mayar da su shafin, ta ja layi a ƙarƙashin inda ta ce kar ta buɗe, kar ta gyara, ta ɗora kawai. Juma'a da safe ta sauko da na shafin ta fitar da lambarsa, ta jera da tata, ta bi su harafi-harafi ko da yake kwamfutar ta riga ta ce daidai ne. Ta rubuta sabon faci mai layi ɗaya, ta sa kalmomin Auta yadda suke. Ta rubuta wa Mai Ƙofa bayanin abin da ya faru cikin jimla biyar. Ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintuna ya amsa: "Ya wuce." Can ƙasa, abin da bai taɓa yi ba, ya ƙara: "Allah ya jiƙansa."

Kafin ta tura fakitin ta buɗe tsohon facin ɗigo don daidaita shi, karo na ba ta san nawa ba. Yana nan da layinsa goma sha ɗaya, kuma a gefe zai ci gaba da zama, tunda mai shigar da shi tushe da sa hannunsa ba ya nan. Ta daɗe tana kallon layin saman. Ita ba ta rubuta abin da ba ta da shaidarsa, amma shaidar tana cikin ƙunshin, da sa hannun mai shi a kai. Ta goge kalma biyu ta rubuta wasu: "An tura wa tushe: ya karɓa."

Da ta koma gida telan yana kan keke, ya ɗago ya tambaye ta yadda aka ƙare da Tsohon nata.

"Ya yarda da ɗigon," ta ce.

"Kai, madalla. Sai ki rubuta masa godiya."

Ta tsaya a bakin ƙofar shagon da jakarta a kafaɗa. Ya dube ta, ya gane hasashensa na ranar Talata ya tabbata, ya ɗauke ƙafarsa daga kan keken.